Kishin Ƙasa a Kanada da Maƙwabtakarta da Amurka

Ba a iya bayanin kishin ƙasa na 'yan Kanada ba tare da an ambaci Amurka ba. Iyakar da ke tsakaninsu, in an haɗa da ta Alaska, ta kai kilomita 8,891, kuma babu wasu ƙasashe biyu a duniya da ke da iyaka mai wannan tsawo. Mutanen Kanada sun ɗan haura miliyan 40, na Amurka kuwa sun fi miliyan 330. Saboda tsananin sanyin arewa, yawancin 'yan Kanada a kudu suke zaune, daf da iyakar. Mafi yawansu Turanci suke yi, finafinan Amurka suke kallo, har baƙo yakan kasa bambance su da maƙwabtan nasu. Wannan kamannin ne ya sa suke riƙe duk abin da ya bambanta su da hannu bibbiyu.

Asali

Bayan Amurkawa sun ƙwaci 'yanci daga Birtaniya a 1783, dubun-dubatar mutanen da suka ƙi juya wa Sarkin Ingila baya sun yi ƙaura zuwa arewa, suka zauna a inda yau ake kira Ontario da New Brunswick da Nova Scotia. Ke nan tun daga tushe akwai waɗanda suka zaɓi kada su zama Amurkawa. A yaƙin da ya ɓarke a 1812 sojojin Amurka sun kutsa Kanada, a 1813 suka ƙone gine-ginen gwamnati a York, wato Toronto ta yanzu, sojojin Birtaniya kuma suka rama a 1814 da ƙona fadar shugaban ƙasa a Washington. Tsoron kada Amurka ta haɗiye su yana cikin dalilan da suka sa yankunan Birtaniya na arewa suka dunƙule suka zama ƙasar Kanada ranar 1 ga Yuli, 1867, John A. Macdonald ya zama firaminista na farko.

Alamomin ƙasa sun zo a makare. Tutar nan mai jan ganyen bishiyar maple sai ranar 15 ga Fabrairu, 1965 aka fara ɗaga ta. Taken ƙasa a 1980 ya zama doka, ikon gyara tsarin mulki kuwa sai a 1982 ya baro Landan.

Abin da suke alfahari da shi

In ka tambayi ɗan Kanada me ya raba shi da Ba'amurke, da wuya bai fara da asibiti ba. Tsarin da gwamnati ke biyan kuɗin ganin likita ya faro ne a lardin Saskatchewan, da jagorancin Tommy Douglas, daga baya ya game ƙasa. Mara lafiya ya nuna katinsa, a duba shi, ya tafi ba tare da an miƙa masa takardar biya ba. Ana ƙorafin dogon jira, gaskiya ne, amma kaɗan ne za su yarda a musanya musu shi da na Amurka. Sai kuma tsauraran dokokin mallakar bindiga, da harsunan gwamnati biyu, Turanci da Faransanci, da aikin wanzar da zaman lafiya, wanda ya jawo wa ministan harkokin wajensu na lokacin, Lester Pearson, lambar Nobel a 1957 bayan rikicin mashigin Suez na Masar.

Wasan hoki na kan ƙanƙara kuwa ya wuce wasa a wurinsu. Lokacin da Sidney Crosby ya ci ƙwallon da ta kayar da Amurka a wasan ƙarshe na Olamfik a Vancouver a 2010, tituna sun cika maƙil daga gabas har yamma.

Kishin nan ba ɗaya ba ne a ko'ina. Da yawa daga mutanen lardin Quebec masu Faransanci lardinsu suke fara ambata kafin ƙasa. A ƙuri'ar raba-gardama ta 1995 kan ɓallewar Quebec, da ƙyar masu son zama cikin Kanada suka yi rinjaye, da ƙasa da kashi 51 cikin ɗari. 'Yan asalin ƙasar kuma suna ɗauke da ciwon makarantun kwana da aka riƙa raba 'ya'yansu da su a kai can da ƙarfi. Wannan tabo ne da tuta ba ta rufewa, kuma ya dace a faɗe shi tare da sauran.

Kwana da giwa

A 1969, a Washington, Firaminista Pierre Trudeau ya kwatanta maƙwabtaka da Amurka da kwana kusa da giwa: komai kirkinta, in ta motsa sai ka ji a jikinka. Kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ke fitarwa Amurka suke zuwa, daga ɗanyen mai zuwa katako da motoci. Yarjejeniyar ciniki ba shinge ta fara aiki a 1989, tsaron sararin sama kuma tare suke yi tun 1958. Duk da haka Kanada takan ce a'a: a 2003 Firaminista Jean Chrétien ya ƙi tura sojoji mamayar Iraƙi.

Zumuncin ma na gaske ne. Ranar 11 ga Satumba, 2001, da Amurka ta rufe sararin samaniyarta, jirage 38 suka sauka a Gander, wani ƙaramin gari a Newfoundland mai mutum kusan dubu goma. Fasinjoji sama da 6,000 aka kwantar a makarantu da coci-coci da gidajen mutane, aka ciyar da su kwanaki ba a karɓi ko sisi ba. Akwai kuma ɗakin karatu na Haskell, wanda aka gina a kan iyaka tsakanin jihar Vermont ta Amurka da Quebec: baƙin layi ne a daɓen ɗakin ke nuna inda ƙasa ɗaya ta ƙare, mai karatu ya ɗauko littafi a Kanada ya zauna a Amurka.

Rikicin 2025

Harshe da haƙori ma sukan saɓa. A farkon 2025 Shugaba Donald Trump ya ƙaƙaba harajin kashi 25 cikin ɗari kan kayan Kanada da dama, ya kuma yi ta nanata cewa gara ta zama jiha ta 51. Mutanen da aka sani da yawan ba da haƙuri sai ga su suna yi wa taken Amurka ihu a filayen wasa. Larduna suka sauke barasar Amurka daga kantuna, masu cefane suka koma juya gwangwani suna duba inda aka yi shi, da yawa suka fasa zuwa hutu Florida. Kirarin da ya bazu daga wasan hoki aka ɗauko shi, ma'anarsa a ɗaga gwiwar hannu, yadda ɗan wasa ke yi in an matse shi a lungu. Jam'iyyar Liberal, wadda aka riga aka fitar da rai da ita, ta ci zaɓen 28 ga Afrilu ƙarƙashin Firaminista Mark Carney. Da ya ziyarci fadar White House a watan Mayu, ya faɗa wa Trump baki da baki cewa Kanada ba ta sayarwa ba ce.