Itace, gawayi, kananzir ko gas: wanne ya fi ɗumama ɗaki?

Da me ake auna zafin da ke cikin makamashi?

Mafi sauƙi shi ne yunit ɗin lantarki da mita ke ƙirgawa, wato kilowat-awa. Hita mai wat 1,000 in ta yi awa guda a kunne, ta ci yunit 1. A kan wannan sikelin za mu ɗora sauran.

To kilo ɗaya na kowanne, yunit nawa ne?

Gas na tukunya ne kan gaba da kusan 13, kananzir na biye da 12. Gawayi mai kyau wajen 8, busasshen itace kuwa 4 kacal. Amma in aka koma lita sai lissafi ya juya: litar kananzir tana da kusan 10, ta gas wajen 7, domin gas bai kai shi nauyi ba. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, su kwatanta kilo da lita.

Me ya sa wani itacen ke ci bal-bal, wani kuma sai hayaƙi?

Ruwa ne. Ɗanyen itace, rabin nauyinsa na iya zama ruwa, kuma sai wuta ta ƙafar da shi tukuna zafi ya iso gare ka. Kilonsa bai fi yunit 2 ba. Wanda ya sayi ɗanye a kan sikeli, ruwa ya biya wa kuɗi, ga tari, ga baƙin da ke taruwa a bututun hayaƙi. Ni a ganina, shanya itace a inda iska ke ratsawa ya fi neman wani nau'i na musamman amfani.

Ke nan mai babbar lamba shi ya yi nasara?

A'a, sai an duba nawa ya tsaya a ɗakin. Buɗaɗɗen murhu mai bututu, yawancin zafinsa sama yake tafiya. Rufaffen murhun ƙarfe na zamani kan riƙe kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Akwai ma na'urar da ke janyo ɗumi daga iskar waje, ta ci yunit 1 na lantarki ta ba da zafin kusan yunit 3.

Gawayi fa, tunda ba ya hayaƙi sosai?

Don Allah kar a kwana da shi a rufaffen ɗaki. Yana fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, ba launi ba wari. Da ciwon kai da jiri take farawa, mai barci kuwa ba zai ma ji ba.