Tsinkayo ma'ana a karatu

Tsinkayo ma'ana shi ne mai karatu ya gane abin da marubuci bai faɗa fili ba, ta hanyar haɗa alamun da ke cikin rubutu da abin da shi kansa ya riga ya sani. Ya yi kusa da abin da malaman fiƙihu ke kira istinbaɗi. Misali: "Ladi ta shigo tana yarfe ruwa daga mayafinta, ta jingine karyayyar lema a bakin ƙofa." Babu inda aka ce ana ruwa ko iska, amma mai fahimta ya san an yi ruwa da iska mai ƙarfi.

Masana sun raba shi kashi biyu. Akwai wanda ke ɗinke jimla da jimla, kamar gane wanda wakilin suna ke nufi. A "Audu ya ba Musa biro saboda nasa ya ƙare", biron wa ya ƙare? Na Musa. Yara da yawa suna tuntuɓe a nan, malami kuma bai lura ba don abin ya yi masa sauƙi. Na biyu shi ne cike giɓi daga sanin duniya, irin na Ladi da lemarta.

Binciken Jane Oakhill da abokan aikinta a Ingila, tun shekarun 1980, ya nuna akwai yaran da ke karanta kalmomi tiryan-tiryan amma ba sa haɗa ma'ana, kuma horo yana taimaka musu. A Amurka, Taffy Raphael ta kasa tambayoyin auna fahimta gida huɗu: amsar da ke zaune a jimla ɗaya, wadda sai an tattaro daga wurare daban-daban, wadda sai an haɗa rubutu da sanin ɗalibi, da wadda ke kan ɗalibi kaɗai. Kashi na uku ne ainihin filin tsinkayo ma'ana.

Ana fara koyarwa da gajeren rubutu, jimla uku zuwa biyar. Malami ya karanta, ya tsaya, ya faɗi tunaninsa a fili: "Mayafi a jiƙe, lema a karye, to me ya faru a waje?" Sai a ja layi a allo gida uku: abin da rubutu ya ce, abin da na sani, abin da na gano. Aji ya cike tare, daga baya bibbiyu, sannan kowa shi kaɗai. Duk amsar da ɗalibi ya bayar, tambaya ta biyo baya: "Wace kalma ce ta nuna maka?"

Wannan tambaya ce ke raba tsinkaye da shaci-faɗi. Wanda ya ce Ladi ta faɗa rijiya bai lissafa lemar ba, sai a mayar da shi ga rubutun.

Sau da yawa matsalar ba ta dabara ba ce. Yaron da bai taɓa ganin tashar jirgin ƙasa ba, zai kasa gano komai daga labarin tasha, don haka sai an yi masa shimfiɗa kafin karatu. Wanda har yanzu yake haɗa baƙi da ƙyar kuwa, duk hankalinsa ya tafi can. Irinsa a karanta masa ya saurara, ko a fara da hoto. Inda ake karatu da Turanci alhali Hausa ake yi a gida, ya fi a fara gwada dabarar da tatsuniya ko kacici-kacici a harshen da yaro ya iya, domin a gane ko kalmomin ne suka tare shi ko tunanin.