Tambayoyi da amsoshi kan tsuntsaye masu cafkar ƙuda a arewacin Najeriya

Duk daga Turai suke zuwa?

A'a, kuma na sha amsa wannan tambaya. Wanda yake baƙi wuluk ɗan gida ne, yana nan rani da damina, haka ma na bakin ruwa da ake gani cikin kacalla a fadamar Haɗeja da Nguru.

Yaushe na Turai suke isowa?

Daga Satumba zuwa Oktoba, bayan sun ƙetare Sahara, sannan su juya wajen Afrilu.

Na ga ƙaramin tsuntsu mai ruwan ƙasa a kan reshe a watan Oktoba. Wanne ne?

Kada a yi gaggawar yanke hukunci, domin a wannan wata iri biyu na Turai suna haɗuwa a wuri guda, kuma namijin Ficedula hypoleuca, wanda yake baƙi da fari a Turai, ya riga ya sake gashi ya koma kama da tamata. A fara duban fiffike. Idan akwai farin tabo, kuma tsuntsun yana yawan kaɗa fiffike yana sauka ƙasa ya ɗauki ƙwaro, galibi shi ne. Idan babu tabon, ƙirji da goshi kuma suna da zane-zane siri-siri, sannan ya kan tashi ya cafke ƙuda a iska ya dawo kan reshen da ya bari, to ya fi kama da Muscicapa striata, wanda yawanci wucewa yake yi zuwa kudu. Duk da haka hasken yamma yana ɓoye tabon, kuma akwai dangin Ficedula hypoleuca masu farin tabo a fiffike da kan rikita har ƙwararru, saboda haka a ɗauki hoto daga gefe, a rubuta rana da wuri.

Irinsu mai dogon wutsiya fa, da ba a ganinsa da rani, ya ɓace ne?

A kwantar da hankali. Damina yake bi, idan ruwa ya sauka zai dawo ya yi sheƙa cikin kurmi.

Ina zan nema su?

Inda aka bar itatuwa: gonaki masu ɗorawa da kaɗanya, bakin rafi, da dajin Amurum kusa da Jos, inda ake binciken tsuntsaye. Wanda ya sare kurmin garinsu ya yi gawayi kada ya zo yana tambaya ina suka tafi. A kuma hana yara harbinsu da danƙo, domin ƙananan tsuntsaye ne, babu abin ci a jikinsu.