Saita taimin ɗin wuta a injin tsohuwar mota

Taimin ɗin wuta shi ne daidai lokacin da fulogi ke bayar da tartsatsi a cikin silinda, idan aka gwada shi da inda fistan yake a tafiyarsa. Ana ƙidaya shi da digiri na juyawar karanshaf, sandar ƙarfen da fistan ke juyawa, kafin fistan ya kai ƙololuwa, wato ƙarshen hawansa, ko bayan ya wuce ta. A motocin fetur na da, masu distributa (na'urar da ke raba wuta ga fulogogi) da kwantak (ɗan makunnin da ke cikinta), da hannu ake saita shi. Idan ya kauce da yawa, injin yakan ƙi tashi ƙememe, ko da batir na da caji, fetur kuma na zuwa.

Dalilin da ya sa wuta ke riga fistan

Injin mai bugu huɗu, irin wanda Nikolaus Otto ya ƙera a Jamus a 1876, yana zuƙar fetur da iska, ya matse su, ya ƙone su, sannan ya fitar da hayaƙi. Kafin wannan zagaye ya cika, karanshaf ya juya sau biyu, wato digiri 720, fistan kuma ya hau ƙololuwa sau biyu: ɗaya a ƙarshen matsi, ɗaya a ƙarshen fitar hayaƙi. Hawan matsin kaɗai ne ke bukatar wuta, kuma yawancin rikicin taimin daga manta wannan yake tasowa.

Gaurayen fetur da iska ba ya cin wuta gaba ɗaya nan take. Saboda haka ake kunna shi kafin fistan ya ƙarasa sama, don ƙarfin ƙonewar ya cika sa'ad da fistan ya soma gangarowa, wajen digiri 10 zuwa 20 bayan ƙololuwa. Injina da yawa suna son wuta tsakanin digiri 5 da 10 kafin ƙololuwa idan suna silo. Da gudu ya ƙaru, adadin yakan haura digiri 30, domin fistan ya ƙara sauri, ƙonewa kuwa ba ta ƙara sauri daidai da shi ba. Ainihin adadin kowane inji yana cikin littafin kamfanin da ya ƙera shi, wani lokaci kuma a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet.

A Ford Model T, wadda ta fito a 1908, direba ne ke matsar da wutar da wani ɗan hannu da ke jikin sitiyari. Tsarin batir da koyil da distributa, wanda Charles Kettering ya inganta a kamfanin Delco wajajen 1910, shi ya mamaye motoci fiye da shekara 50. Daga baya aka sa wa distributa ƙananan nauyaye biyu masu buɗewa idan gudu ya ƙaru, da ɗan gwangwani mai aiki da zuƙar iskar inji, su riƙa gabatar da wutar da kansu. A shekarun 1970 Chrysler da General Motors suka maye gurbin kwantak da na'urar lantarki, daga bisani kwamfuta ta karɓe aikin baki ɗaya.

Yaushe ake zargin taimin

Distributa tana juyawa ne da rabin gudun karanshaf. A cikinta akwai kwantak da ke buɗewa yana rufewa, kuma a daidai lokacin buɗewarsa koyil ke mayar da bolt 12 na batir zuwa dubban bolt, rota, ɗan hannun da ke juyawa a ƙarƙashin murfin distributa, ta miƙa wutar ga wayar fulogin da layi ya zo kansa. Saita taimin, a taƙaice, zaɓar lokacin buɗewar kwantak ne.

Motar da aka kashe lafiya da daddare, ta ƙi tashi da safe, da wuya laifin taimin ne, domin da wuya ya goce haka kawai a dare ɗaya. Sai a fara duba ko akwai tartsatsi, ko fetur na isa kafireto, ko silindoji na da matsi. Ana zarginsa ne idan an cire distributa an mayar, ko an sauya wayoyin fulogi, ko an kwance inji, ko notin da ke riƙe distributa ya saki.

Injin ma yakan faɗi abin da ke damunsa. Idan wuta ta yi gaba da yawa, kik yakan yi nauyi yana tsaitsayawa kamar batir ya mutu, domin ƙonewa na tura fistan baya tun bai kai sama ba. Idan ta yi baya, injin yakan juya sakayau, ya ɗan kama ya saki, wani lokaci da ƙara a salansa. Tari ta bakin kafireto, har da harshen wuta, yawanci alama ce ta wayoyin da aka sarƙe ko distributar da aka zaunar ba daidai ba.

Saitawa alhali injin na kashe

Tunda injin ba ya tashi, ba da fitilar taimin, wadda ake auna taimin da ita inji na aiki, za a fara ba. Abin da ake bukata shi ne ƙaramin kwan fitila na bolt 12 mai waya biyu, da sifana, da ma'aunin tazara.

Da tazarar bakin kwantak ake farawa, galibi wajen milimita 0.4 idan ya buɗe iyakarsa. Dole ta riga komai, saboda faɗaɗa ta na gabatar da wuta, matse ta kuma na jinkirta ta. Wanda ya saita taimin sannan ya taɓa kwantak ya rushe aikinsa.

Daga nan sai neman ƙololuwar matsi ta silinda ta ɗaya. Ana sa giya a firi, a cire fulogin silindar, a toshe ramin da babban yatsa, a juya karanshaf da sifana ta inda ya saba juyawa. Idan iska ta soma ture yatsan, fistan na hawan matsi ke nan. Sai a ci gaba a hankali har alamar da ke jikin fule, faifan bel da ke gaban karanshaf, ko filawil da ke bayansa a wasu motocin, ta zo daidai da digirin da littafi ya ce. Idan an zarce, a koma baya sosai a sake tahowa, don sarƙar taimin, wadda ke haɗa karanshaf da sandar da ke buɗe bawuloli, ta miƙe. A kula kuma da wace ce silinda ta ɗaya: a yawancin injina ta gaba ce, amma Peugeot kan fara ƙidaya daga ɓangaren filawil.

A nan ne masu gyara suka fi faɗawa rami. Alamar fule tana zuwa daidai a hawa biyun nan duka, ba ta bambance matsi da fitar hayaƙi. Wanda ya dogara da ita kaɗai, bai gwada da yatsa ba, zai iya zaunar da distributa a juye da digiri 180. Komai zai yi kyau a ido, tartsatsi na nan shuɗi, amma yana sauka ne a silindar da ta gama ƙone abin da ke cikinta. Injin zai yi ta tari har batir ya ƙare. Wata hanyar tabbatarwa ita ce buɗe murfin bawul: a injin silinda huɗu a jere, idan ta ɗaya na ƙololuwar matsi, bawulolinta biyu a rufe suke, na ta huɗu kuwa ɗaya na rufewa ɗaya na buɗewa.

Idan an tabbatar da wannan, sai a buɗe murfin distributa a ga inda rota ta nuna. Nan ne mazaunin wayar silinda ta ɗaya. Sauran wayoyin su bi ta inda rota ke juyawa bisa jerin wutar injin: 1-3-4-2 a yawancin masu silinda huɗu, 1-4-3-2 a Volkswagen Beetle, 1-5-3-6-2-4 a masu shida a jere. Distributar da ke da haƙora karkatattu takan murɗa rota kaɗan yayin da take zama, don haka ake fara zura ta da rota a ɗan goce.

Saura kwan fitila. Waya ɗaya a tashar koyil mai zuwa distributa, ɗayar a jikin inji, a murɗa makulli ba tare da an yi kik ba. A sassauta notin distributa, a juya jikinta ta inda rota ke bi har fitila ta mutu, sannan a dawo da ita sannu sannu har fitilar ta kama. Kamawar nan ita ce buɗewar kwantak, sai a ɗaure notin a nan. Juya jikin distributa akasin tafiyar rota gabatar da wuta ne, juya shi tare da ita jinkirtawa ne, kuma digiri ɗaya a distributa biyu ne a karanshaf, saboda haka hannu ya yi sauƙi. Kada a bar makulli a kunne na dogon lokaci kwantak na rufe, koyil zai yi zafi.

Bayan ya tashi

Wannan saiti na tayar da inji ne. Idan ya ɗumama, ana gyara shi da fitilar taimin, wadda ke walƙiya duk lokacin da fulogi na ɗaya ya yi wuta, alamar fule ta bayyana kamar a tsaye take. A motoci da yawa ana cire tiyon iskar distributa a toshe shi kafin aunawa. Ƙarar ƙwanƙwasa a hawan tudu na nufin wuta ta yi gaba, kuma barinta haka na iya huda fistan. Rashin ƙarfi da zafin inji na nufin ta yi baya.

Alamar kanta takan yi ƙarya. Fulen da ke da roba a tsakiya yakan zame idan ya tsufa, sarƙar taimin da ta saki kuma takan tsallake haƙori, a nan kuwa juya distributa ba zai warkar da komai ba sai an buɗe gaban inji. Ɗan tudun da ke ƙarƙashin hannun kwantak shi ma yana cinyewa a hankali, tazara ta ragu, wuta ta riƙa ja baya. Shi ya sa ake shafa wa kam ɗin distributa, ƙarfen da ke juyawa yana tura wannan tudun, ɗan giris, a kuma sake duba tazara da taimin a duk sabis.