Sauya furosesa a tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka

Sauya furosesa a kwamfutar tafi-da-gidanka shi ne a cire ƙwaƙwalwar da kwamfutar ta zo da ita daga kamfani, a sa mata wata da ta fi ta ƙarfi, madabod ɗin kuma, wato babban allon da duk sassan kwamfutar ke haɗuwa a kansa, yana nan yadda yake. Aikin yana yiwuwa ne a kwamfutocin da furosesarsu ke zaune a cikin soket, wato mazauni mai ƙananan ramuka da ake kullewa da buɗewa da sukundireba. Yawancin irin waɗannan kwamfutoci an ƙera su ne daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2014. Waɗanda suka biyo baya kusan duka an liƙe musu furosesa a jikin madabod da dalma, don haka ba ta ciruwa sai da injin zafi na musamman.

Tarihi

A tsakiyar shekarun 1990, furosesar Pentium ta kwamfutocin tafi-da-gidanka tana zuwa ne a wani siririn ƙunshi da ake kira TCP, wanda ake liƙewa a madabod tun a masana'anta. A 1997 kamfanin Intel ya fito da wata dabara dabam: ƙaramin allo mai ɗauke da furosesa da wani ɓangare na cifset (cif-cif ɗin da ke haɗa furosesa da sauran sassan kwamfuta) da abin daidaita wuta, wanda ake maƙalawa a kan madabod gaba ɗayansa. Na farko, MMC-1, yana da ƙafafu 280, na biyu kuma, MMC-2, yana da 400. Da wannan allo aka yi kwamfutocin Pentium II da wasu na farkon Pentium III. Mai son ƙarin sauri sai ya cire allon ya sa wani.

Ba don mai saye aka yi wannan tsari ba. Amfaninsa na kamfanonin da ke haɗa kwamfuta ne, domin da madabod iri ɗaya za su fitar da mai araha da mai tsada, bambancin kawai abin da aka dasa a ciki a ranar haɗawa. Masu gyara da masu sha'awa sun ci moriyar abin da aka tanada don wasu ne.

Zamanin soket na sosai ya kankama da Pentium M, wadda ta fito a watan Maris na 2003 a ƙarƙashin tambarin Centrino, kuma injiniyoyin Intel na Haifa a Isra'ila ne suka tsara ta. Mazauninta shi ne Socket 479. A lokacinta ne aka yi yayin wata dabara da har yau tsofaffin masu harkar ke tunawa. Wasu Pentium M na zubin Dothan suna magana da cifset a gudun 400 MHz, cifset ɗin 915 da ya fito a farkon 2005 kuma yana iya 533. Idan aka cusa ɗan siririn waya tsakanin wasu ramuka biyu na soket, madabod sai ya ɗauka furosesar ta 533 ce, saurinta ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku. Ta haka mai 1.6 GHz ke komawa 2.13 GHz ba a kashe ko sisi ba.

A Janairun 2006 aka kawo Socket M tare da Core Duo. Wannan soket ne ya ba da sauyin da ya fi kowanne ma'ana a wancan lokaci, domin Core Duo ba ta iya tafiyar da manhaja mai bit 64, amma Core 2 Duo ta farko da ta biyo baya a cikin shekarar tana iyawa, kuma mazauninsu ɗaya. Wanda ya cire T2400 mai 1.83 GHz ya sa T7200 ko T7600 ya samu ƙarin sauri, ya kuma samu damar ɗora Windows ko Linux mai bit 64. Sai dai cifset ɗin 945 na waɗannan kwamfutoci ba ya barin a mori RAM fiye da gigabayit uku da 'yan kai, ko da an sa huɗu.

Socket P ya zo a watan Mayun 2007. Shi da Socket M duka na furosesa mai ƙafafu 478 ne, a ido kamar tagwaye, amma wurin da aka toshe rami ya bambanta, haka ma aikin ƙafafun. Wannan kamanni ya jawo wa masu saye asara mai yawa. A cikin Socket P ɗin ma akwai rabuwa. Cifset ɗin 965 ya tsaya a 800 MHz, don haka a ƙa'ida ƙarshen abin da kwamfuta irin ThinkPad T61 za ta ɗauka cikin furosesa mai wat 35 shi ne T9300 mai 2.5 GHz ko T9500 mai 2.6 GHz. Cifset ɗin GM45 da PM45 na tsakiyar 2008 su ne suka kai 1066, suka buɗe hanya ga T9900 mai 3.06 GHz da kuma jerin masu harafin P irin su P8600, waɗanda ke cin wat 25 kawai.

Daga 2009 sunaye suka koma Core i3 da i5 da i7, soket kuma ya koma jerin G. Socket G1 mai ƙafafu 988 ya ɗauki zubi na farko. Socket G2, shi ma 988 amma bai dace da na farkon ba, ya fito a farkon 2011, ya ɗauki zubi na biyu da na uku, wato Sandy Bridge da Ivy Bridge. Na ƙarshe shi ne Socket G3 mai ƙafafu 946, wanda ya zo da Haswell a tsakiyar 2013. Kwamfutocin ofis na waɗannan shekaru su ne aka fi yi wa wannan aiki har yau: ThinkPad T420 da T430 da T440p, Dell Latitude E6420 da E6430 da E6440, HP EliteBook 8460p da 8470p.

AMD, wani kamfanin ƙera furosesa da ke gasa da Intel, ya bi irin wannan hanya. Socket S1 mai ƙafafu 638 ya fito a 2006 don Turion 64 X2, an yi masa gyare-gyare huɗu waɗanda ba duka ke karɓar furosesar juna ba, sai FS1 a 2011 da FS1r2 a 2012.

Rufewar ƙofa

Tun kafin soket ya ɓace an daɗe ana liƙe furosesa a ƙananan kwamfutoci. ThinkPad X220 da X230 sa'o'in T420 da T430 ne, amma tasu a liƙe take. Kwamfutocin tafi-da-gidanka na Apple masu furosesar Intel duka a liƙe suka zo. Bayan Intel ya ƙaddamar da tsarin Ultrabook na siraran kwamfutoci a 2011, kauri ya zama abin gasa, soket kuma yana cin tsayi. Da Broadwell, zubi na biyar, wanda ya shiga kasuwa wajen ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015, Intel bai sake fitar da furosesar tafi-da-gidanka mai soket ba. Dalilan da ake bayarwa su ne rage kauri da kuɗin ƙira da gajarta hanyar wuta. Masu fafutukar 'yancin gyara suna ganin hakan ya rage wa kwamfuta kwana ne.

Sharuɗɗan dacewa

Abu na farko shi ne sanin ko akwai soket ɗin ma. Harafin ƙarshen lambar furosesa yana taimakawa. A zubi na huɗu, M da MQ da MX masu soket ne, U da Y da HQ a liƙe suke. A zubi na biyu da na uku harafin bai isa hujja ba, domin i5-2520M, alal misali, an yi ta iri biyu, mai ƙafafu da ta liƙewa. Manhajar CPU-Z tana nuna irin ƙunshin: idan ta rubuta rPGA akwai soket, idan BGA ne babu.

Shigar ƙafafu cikin ramuka ba ya nufin kwamfuta za ta tashi. Cifset yana da tasa iyakar. Masu lamba 6 a gaba, irin su HM65 da QM67, an yi su ne don zubi na biyu, kuma da BIOS ɗin kamfani (ƙaramar manhajar cikin madabod da ke tayar da kwamfuta) ba sa karɓar na uku duk da soket ɗaya ne, yayin da HM76 da HM77 da QM77 ke karɓar duka biyun. Wanda ya fi ba masu gyara haushi shi ne HM70, da ake samu a kwamfutoci masu araha na wajen 2012. An kulle shi a kan Celeron da Pentium. Idan aka sa masa i3 ko i5 kwamfutar za ta tashi lafiya, ta yi aiki kamar ba komai, sai minti talatin ya cika ta mutu da kanta, kullum haka. A Socket G1 kuma tarkon na hoto ne: i7 masu cibiya huɗu (wato sassan lissafi huɗu a cikin furosesa ɗaya) irin su 720QM ba su da sashen hoto a cikinsu, don haka kwamfutar da ba ta da cif ɗin hoto na daban ba za ta nuna komai a sikirin ba.

Sai BIOS, wanda dole ya san furosesar. Shi ya sa ake sabunta shi tun tsohuwar furosesa na ciki, kafin a kwance komai. Masu sha'awa sun fitar da BIOS da aka yi wa kwaskwarima don wasu samfura, kuma da manhajar coreboot, wadda ke maye gurbin BIOS ɗin kamfani, ana iya sa T420 ta karɓi zubi na uku. Kuskure wajen rubuta BIOS yana iya kashe madabod.

Zafi shi ne sharaɗin da aka fi rainawa. Kowace furosesa tana da adadin wat da aka ƙiyasta mata, bututun tagulla da fankar kwamfuta kuma an auna su ne daidai da furosesar da aka yi niyya. Masu cibiya biyu na zubi na biyu da na uku wat 35 ne, masu cibiya huɗu galibi 45. A zubi na huɗu lissafin ya koma 37 da 47, na ƙololuwa irin 4940MX kuma 57. Wannan ne ya sa 'yan tsirarun masu cibiya huɗu da ba su wuce ƙaramin adadin ba suka yi farin jini, wato i7-3612QM da 3632QM masu wat 35, da 4702MQ da 4712MQ masu 37. Furosesar da ta fi ƙarfin fankarta ba ta cika ƙonewa ba, domin idan ta doshi digiri 100 zuwa 105 takan rage gudu da kanta. Sakamakon shi ne an biya kuɗin i7 ana samun aikin da bai fi na i5 ɗin da aka cire ba, ga ƙarar fanka, ga batir na saurin ƙarewa. Caja ma tana cikin lissafi: mai wat 65 sau da yawa ba ta ɗaukar nauyin cibiya huɗu, sai mai 90.

Yadda ake aikin

Ana cire caja da batir, mai aikin ya taɓa ƙarfe don sauke wutar jikinsa. A wasu samfura, kamar T440p, murfin ƙasa kawai ake buɗewa, a wasu sai an cire kibod da kusan komai. Notinan da ke riƙe da abin sanyaya suna da lambobi, ana kwance su kaɗan-kaɗan bi da bi, saboda furosesar tafi-da-gidanka ba ta da murfin ƙarfe irin na kwamfutar tebur, gilashinta a fili yake, danna ɓangare ɗaya yana iya fasa gefensa. A jikin soket akwai noti guda da ake juyawa rabin zagaye, furosesar ta saki. Sabuwar tana da ɗan alamar kusurwa uku a gefe ɗaya da ake daidaitawa da ta soket. Da nauyinta take faɗawa cikin ramukan; idan sai an danna, to ba daidai take ba, kuma ƙafar da ta lanƙwashe ko ta karye ba ta da sauƙin gyara. Daga nan a kulle notin, a goge tsohon man sanyaya da sinadarin isofurofil, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, a mayar da komai.

Amfani da iyaka

Ribar tana fitowa fili idan an tashi daga Celeron ko Pentium zuwa i5, ko daga cibiya biyu zuwa huɗu ga mai tace bidiyo ko haɗa manhaja. Daga i5 zuwa i7 mai cibiya biyu na zubi ɗaya, kamar 2520M zuwa 2640M, bambancin 300 MHz ne da ɗan ƙarin ma'ajiyar ciki, da wuya mai rubutu da shiga intanet ya lura. Ga yawancin tsofaffin kwamfutoci, maye tsohon hadis da SSD da ƙara RAM sun fi sauya furosesa tasiri.

Sauyin ba ya kai kwamfuta ga Windows 11. Jerin furosesar da Microsoft ya amince da su a 2021 ya faro ne daga zubi na takwas, in ban da 'yan kaɗan na bakwai, soket kuwa ya tsaya a na huɗu. Tallafin Windows 10 na gama-gari ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025.

A kasuwa

An daina ƙera waɗannan furosesa, duk wadda ke kasuwa daga jikin wata kwamfutar aka ciro ta. Akwai masu tambarin ES ko QS, samfuran gwaji ne da ba a yi su don sayarwa ba, wasunsu ba sa nuna zafi daidai. Daga Sin kuma ana samun furosesar liƙewa irin 4980HQ da aka ɗora a kan ɗan allo mai ƙafafu don ta shiga Socket G3.

A Nijeriya, kwamfutocin ofis da aka yi amfani da su a Turai da Amurka sun daɗe suna shigowa kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja da titin Beirut a Kano, kuma da yawansu na zamanin G2 da G3 ne. A Arewa batun zafi ya fi tsanani, domin a watannin Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe haƙoran abin sanyaya.

Ragowar tsarin

Kamfanin Clevo na Taiwan ya ci gaba da ƙera manyan kwamfutocin wasa masu ɗauke da soket na kwamfutar tebur, haka Dell ya yi da Alienware Area-51m a 2019. Kamfanin Framework, wanda ya fara sayar da kwamfutarsa a 2021, ya liƙe furosesa kamar kowa, amma yana sayar da madabod sabon zubi da ke shiga tsohon gida.