Kafin taurarin intanet su zaɓa maka likitan ƙwaƙwalwa

'Yan'uwa, a bakin aikina nakan haɗu da wanda ya fasa ganin likitan da aka tura shi gare shi, don kawai ya ga taurari biyu aka ba likitan a Google, wato makin da mutane ke bayarwa idan sun rubuta ra'ayinsu a kansa. Abin yana ci mini rai, domin na san irin daurewar da mutum yake yi kafin ya yarda ya nemi magani.

Ra'ayin waɗanda suka riga ka zuwa yana da amfani, amma ka san su wa ke rubutawa. Wanda ya samu sauƙi ba kasafai yake shelanta cewa ya ga likitan ƙwaƙwalwa ba. Wanda ransa ya ɓaci shi ne mai saurin rubutu. Likitan kuwa bakinsa a ɗaure yake, amanar sirri ta hana shi ko da tabbatar da cewa ya taɓa duba mutumin.

Wani zai ce ya sha magani mako guda bai ga komai ba, alhali magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin aikinsu ya bayyana sosai. Wani kuma fushinsa an ƙi ƙara masa diazepam ne, maganin da jiki ke sabawa da shi idan an daɗe ana sha. Irin wannan likitan, a wurina, yabo ya cancanta.

Abin lura shi ne ƙorafin da ya fito daga bakuna daban-daban: ba ya saurare, yana wulaƙanta mutane, yana fitar da sirri. Zargin neman mara lafiya da lalata kuwa, ko mutum ɗaya ya faɗa, kada ka yi wasa da shi. Ka yi hattara kuma da yabo mai kalmomi iri ɗaya, da mai alkawarin warkarwa cikin kwanaki.

Tabbatar likitan yana da lasisi daga hukumar da ke rajistar masu wannan aiki a ƙasarka. Likitan ƙwaƙwalwa yana rubuta magani, masanin halayyar ɗan Adam galibi da tattaunawa yake jinya.

Sauran sai ka je da kanka, gani ya kori ji. A zama biyu ko uku na farko, duba ko yana barin ka ka gama magana, ko yana bayyana maka illar magani. Idan hankalinka bai kwanta ba, kana da 'yancin sauya likita, amma kada ka yanke shan magani farat ɗaya sai wani likitan ya duba ka.