Ciwon ƙirjin da ba olsa ba ne, da dalilin da likita ke cewa sai an yi CT

Jama'ar Sakkwato, musamman iyayenmu masu hawan jini da 'ya'yan da ke kula da su, akwai wani ciwon ƙirji da ba ya jiran gari ya waye. Farat ɗaya yake zuwa, da cikakken ƙarfinsa tun minti na farko. Mai shi kan ce ji yake ana yaga shi daga ciki, ciwon ya zarce baya ya tsaya tsakanin kafaɗu. Gumi ya karyo, wani ya suma, wani hannu ko ƙafa ta mutu masa. A gida kuwa sai a ce olsa ce ta tashi, a aika yaro kemis. Wasu ma wanzami suke kira ya yi ƙaho, tunda a baya ciwon ya sauka.

Abin da muke tsoro a nan shi ne babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya, wadda likitoci ke kira awota. Tana hawa sama, ta lanƙwasa, ta gangara ta bayan ƙirji zuwa ciki, bangonta kuma ninki uku ne. Duk wanda ya yi ban ruwa a fadama ya san yadda tsohon tiyo ke kumbura a wuri guda idan inji ya matsa masa, kafin ya tsage. Haka hawan jinin da aka yi wa sakaci ke cin bangon nan shekara da shekaru. Ninkin ciki ya tsage, jini ya kutsa tsakani yana raba su. In na waje ma ya ɓalle, jinin ya malale cikin ƙirji, galibi ɓangaren hagu, ko cikin jakar da ta lulluɓe zuciya ya matse ta. Ba sai an yi haɗarin mota ba, mutum na zaune a kan tabarmarsa abin ke faruwa. Idan tsagewar ta kama sashen da ke kusa da zuciya kuma ba a yi aiki ba, haɗarin mutuwa na ƙaruwa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a kowace awa, a kwana 2 na farko.

To, ga inda ake yawan samun saɓani da 'yan uwan marar lafiya. An biya kuɗin hoton ƙirji, an ce ba a ga komai ba, sai likita ya sake rubuta wani hoton mai tsada da ake kira CT. Babban ɗa ya ja shi gefe: "Likita, ba yanzu aka yi wa Baba hoto ba?" An yi, amma hoton ƙirji inuwa kawai yake nunawa. Wani lokaci za a ga tsakiyar ƙirjin ya yi faɗi, ko ruwa ya taru a hagu, sau da dama kuma ya fito tas alhali jijiyar ta tsage. Gwajin bugun zuciya na ECG shi ma aikinsa duba ko jijiyoyin zuciya ne suka toshe.

CT ne ke raba gardama. Ana sa wani ruwa ta jijiyar hannu, mutum ya ji ɗumi ya ratsa shi, ruwan ya haska hanyar jini, na'ura ta ɗauki ƙirji yanka-yanka cikin 'yan mintuna. A nan likitan hoto ke ganin fatar da ta tsage ta raba jijiyar gida biyu, da inda tsagewar ta fara, da inda jini ke yoyo. Maganin ma a kan wannan ya dogara: ta kusa da zuciya aikin gaggawa take buƙata, wadda ta gangara baya kuwa sau da yawa allurar sauke jini da rage bugun zuciya ake farawa da ita. Ku faɗa tun da wuri in akwai ciwon ƙoda, ko juna biyu, ko ruwan hoto ya taɓa yi wa mutum illa. Wanda ya galabaita ƙwarai ana iya yi masa sikanin zuciya a kan gadonsa. MRI, wani hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, na nunawa sarai, amma yana cin lokaci.

Saboda haka in kuna Gwadabawa, Bodinga ko Tambuwal aka ba ku takardar zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku kama hanya a lokacin, kada a ce sai an taru an yi shawara da safe. Kada a ba marar lafiya asfirin da sunan ciwon zuciya kafin likita ya gani, domin yana tsinka jini. Kada ya tuƙa babur da kansa. Ku roƙi ma'aikacin lafiya ya auna jini a hannu biyu, bambanci mai yawa tsakaninsu alama ce.

Mai hawan jini ya riƙe maganinsa ko da yana jin garau, ya rage gishiri da ɗunƙule, ya bar sigari. Gidan da aka taɓa samun wannan ciwo, ko wani ya faɗi ya mutu da ƙuruciyarsa ba a san dalili ba, ko akwai dogaye sirara masu dogayen yatsu irin na cutar Marfan, 'ya'ya da 'yan uwa na jini su je a auna faɗin jijiyar da sikanin zuciya tun suna lafiya.